Shafin alƙaluman Bankin Duniya: yana auna aikin ƴan Nijar ko yana auna damina?

Ɗalibin jami'ar André Salifou mai rubuta kundin kammala karatu, ko ma'aikacin wata ƙungiya a Damagaram da aka ce ya kawo alƙaluma, galibi shafin donnees.banquemondiale.org yake fara buɗewa. Kyauta ne tun 2010, ba sai an yi rajista ba, kuma akwai shi da Faransanci. Tambayar ita ce ko ya isa a auna yawan abin da ma'aikaci guda ke samarwa a Nijar. Ya isa a fara da shi. A tsaya a kansa kuwa, akwai matsala.

Ma'auni uku ne suka shafi batun. Na farko SL.GDP.PCAP.EM.KD, wato PIB, darajar duk abin da ƙasa ta samar a shekara, a raba da yawan masu aiki. Jerin yana farawa daga 1991. Na biyu NV.AGR.EMPL.KD, irin wannan lissafi amma na noma, kiwo, daji da su kaɗai. Na uku AG.YLD.CREL.KG, kilo nawa na hatsi hekta guda ke bayarwa. Neman ma'auni da lambarsa ya fi neman sa da suna, don sunayen suna kama da juna. A kuma lura da lambar ƙasa: NER ita ce Nijar, NGA Najeriya. Layukan biyu suna maƙwabtaka a cikin jadawali, kuma ido na saurin zamewa.

Wajen saukewa, a zaɓi Excel. Wanda ya ɗauki CSV a kwamfuta mai Faransanci zai ga kowane layi ya cushe a gurbi guda, saboda fayil ɗin da waƙafi yake raba gurabe, ita kuma kwamfutar waƙafi mai ɗigo take jira. Gyaran shi ne Données, sannan Convertir, a zaɓi Virgule, a shiga Avancé a gaya mata cewa ɗigo ne ke raba gutsuren lamba. In an manta wannan mataki na ƙarshe, lambobin za su zauna a matsayin rubutu, jimla ta ƙi fitowa.

Abin da shafin ya iya, ya iya shi da kyau: jera Nijar da Mali, Burkina Faso da Chadi a ma'auni guda, an cire tashin farashi, a ma'auni na farko kuma an daidaita ƙarfin sayayyar kuɗi. Mai yin wannan da hannu sai ya sha wahalar canjin sefa da dala na kowace shekara.

Rauninsa yana wajen abin da ake rabawa da shi, wato yawan masu aiki. Lambar da ke fitowa kowace shekara ba ƙidaya ba ce, kiyasi ne na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ke cike shekarun da ba a yi bincike ba. Ƙidayar jama'a ta 2012 da binciken aikin yi na 2017 da INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ta gudanar suna cikin ƴan tubalan da ake da su a ƙasa. Tsakaninsu lissafi ne. Layin yakan fito sumul, sai mai karatu ya ɗauka an auna ne. Sannan duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a makon da aka tambaya, mai aiki ne. Manomin Mirriya da ke duƙe daga shuka zuwa girbi wata huɗu, da ma'aikacin banki mai wata goma sha biyu, kowanne mutum ɗaya ne a lissafi. Shi ya sa noma ke fitowa ƙasa fiye da kima: da an raba da awoyin aiki, da tazarar ta ragu, amma shafin ba shi da awoyi.

Ga misali. Gida mai hekta 3, hekta na ba da kilo 500, wanda bai yi nisa da abin da gero ke bayarwa a ƙasar nan ba, ya tashi da buhu 15 masu kilo 100. Mutum biyar suka yi aikin, kowa buhu 3. Baɗi samari biyu sun tafi ci-rani, sauran ukun suka samu buhu 12: amfanin hekta ya faɗi zuwa kilo 400, na ma'aikaci ya hau zuwa buhu 4. Ma'auni biyun sun saɓa, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Dole a karanta su tare.

Hawa da saukar shekara-shekara ma ba ƙwazo suke nunawa ba. A 2021 damina ta ɓaci, bunƙasar tattalin arziki ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba. A 2022 ruwa ya yi kyau, ta haura kashi 11. Mutanen su ne dai, hauyar ita ce dai. Haka man fetur: matatar SORAZ da ta fara aiki a 2011 da ganga 20,000 a rana, da bututun Agadem zuwa Benin da ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024, suna ɗaga PIB da ma'aikata ƙalilan. Matsakaicin ƙasa ya tashi, mai dukan fata a unguwar Birni ta Damagaram bai ga canji ba. Maganin shi ne a ɗauki matsakaicin shekara biyar-biyar, a kuma duba noma daban.

Wani tarkon shi ne haɗa tsohon rahoto da sabon jadawali. INS ta sauya shekarar tushe ta lissafin ƙasa, wato shekarar da ake gina lissafin a kanta, daga 2006 zuwa 2015, PIB ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku a takarda. Wanda ya ɗinka jeri biyun zai ga tsallen da bai faru ba.

Jihar Damagaram kuwa, wadda ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2012, ba ta da layi nata a waɗannan ma'aunai. Dabbobi da wake da ke ratsa Magariya da Matamaye zuwa Kano ba tare da takarda ba, kiyasi kawai ake musu. Mai son alƙaluman jiha sai ya nemi sakamakon daminar da ma'aikatar noma ke fitarwa gunduma-gunduma, farashin Kasuwar Dole da SIMA, tsarin bin farashin kasuwannin amfanin gona, ke tattarawa, da ofishin INS na jiha, ya haɗa lissafinsa da kansa.