Hasumiyar ƙarfe zalla da mai gindin kankare: wacce ta fi dacewa da injin iska?

Malam, ka ce kana bin hanyar Sakaka da tirela kana hango injinan iska masu samar da lantarki na Dumatul Jandal a nan arewacin Saudiyya, sai kuma ka ga hoton wasu a Jamus masu gindin kankare da saman ƙarfe, shi ne kake tambaya wacce ta fi ƙarfi. Ƙarfi dai kowacce tana da shi. Abin da ya raba su shi ne tsawon da ake nema, da kuma hanyar da kayan za su bi kafin su isa wurin aiki.

Dalilin da ya sa ake ta neman tsawo shi ne iskar sama ta fi ta ƙasa gudu da ɗorewa. Lissafin kuma da daɗi: in gudun iska ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, ƙarfin da ke cikinta yakan ƙaru da kusan kashi 33.

Ta ƙarfe zalla ita kake gani a Dumatul Jandal: injina 99 na kamfanin Vestas, megawat 400 gaba ɗaya, kan kowane inji yana zaune a tsawon mita 130. Faranten ƙarfe ake naɗewa a masana'anta, a yi musu walda su zama manyan bututu, a kawo su gunduwa-gunduwa, a ɗora wannan kan wancan a ɗaure da noti. Ba ta da nauyi sosai, haɗa ta ba ya cin lokaci, ranar da ta tsufa kuma a yanka ta a sayar wa masu narkar da ƙarfe. Matsalarta ka fi ni saninta, tunda kai ne mai sitiyari. Duk yadda hasumiya ta ƙara tsawo, dole gindinta ya ƙara faɗi, amma bututun da ya wuce kimanin mita 4.5 ba ya shigewa ƙarƙashin yawancin gadoji. In an ƙi faɗaɗawa sai a ƙara wa farantin kauri, nan take kuɗi ya yi sama.

A nan mai gindin kankare ta samu shiga. Ba a zuba ta a wurin kamar yadda ake zuba kankaren ginin gida. Zobba ake bugawa a masana'anta, kowane zobe a raba shi gida biyu ko uku yadda tirela irin taka za ta ɗauka ba sai da motar rakiya ba. A wurin aiki a haɗa zoben, a jera su ɗaya kan ɗaya, sannan a zura manyan wayoyin ƙarfe daga sama har fandisho a ja su da inji su ɗame, kamar yadda zare ke matse 'ya'yan carbi in an ja shi. Wannan jan shi ne sirrin aikin, domin kankare yana jure danni amma ba ya jure miƙewa. In an matse shi tun farko, ko iska ta tura hasumiyar gefe ba zai buɗe baki ba. Daga sama sai a ɗora wani zobe na musamman mai haɗa kankare da ƙarfe, sauran tsawon a ƙarasa da bututu. Da irin wannan ginin kamfanin Max Bögl ya kai mita 178 a Gaildorf ta Jamus a 2017.

Sai dai tana da nata wahalhalun. Gunduwoyin sun fi yawa nesa ba kusa ba, wato zirga-zirgar motoci da aikin ɗagawa sun ƙaru. Rushe ta ma aiki ne ja. Kankare kuma ba ya son zafin da muke sha a nan: in ya bushe da gaggawa sai ya tsattsage, ga ruwan gauraya shi dole ya zama maras gishiri. A bakin Bahar Maliya gishirin iska yana ratsa kankare ya kama rodi da tsatsa, kodayake ƙarfen ma ba tsira ya yi ba, fenti ne kawai garkuwarsa, yashi kuma yana kankare shi a hankali.

Ni dai a ganina, a filin Jauf, yankin da Dumatul Jandal take, ƙarfe ya wadatar. Jamusawa suna hawa sama haka ne don dazuzzuka da tuddai suna tare musu iskar ƙasa, ga hanyoyin ƙauyukansu matsattsu. Hamada kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ba abin da ke riƙe iska, don haka ribar ƙarin mita 30 ba ta kai tasu ba, kuma titunan nan suna ɗaukar dogon kaya. Inda zan sauya magana shi ne in aiki ya buƙaci wuce mita 140 zuwa 150, ko farashin ƙarfe ya yi tashin gwauron zabi. In haka ta faru, siminti, wanda Saudiyya ke yi da yawa a gida, zai iya yin nasara, muddin injinan suna da yawan da zai biya kuɗin kafa wurin buga zobba kusa da aikin.