Mahaƙar gishirin Wieliczka: kallon ya biya kuɗinsa, amma a shirya wa matakala 800

Duk wanda tafiya ta kai shi Krakow a kudancin Poland, in yana da rarar rabin yini, to ya kai ta ƙarƙashin ƙasa. Garin Wieliczka, wanda ake furtawa Biyelicka, bai wuce kilomita 14 daga tsakiyar birnin ba. Tun ƙarni na 13 ake haƙar gishiri a wurin, ba a daina haƙa don sayarwa ba sai 1996, bayan ruwa ya ɓalle cikin ramin a 1992, ga kuma faɗuwar farashi. Ramin hawa tara ne, gindinsa ya kai zurfin mita 327, hanyoyin cikinsa sun haura kilomita 200. Baƙo dai kilomita uku da rabi ake zagayawa da shi, kuma sun ishe shi.

Zuwa ba wuya. Jirgin ƙasa na tashi daga babbar tashar Krakow Główny, cikin minti 25 ya ajiye ka a tashar Wieliczka Rynek-Kopalnia, sai ɗan tattaki zuwa ƙofa. Akwai kuma bas mai lamba 304, sai dai ya fi jinkiri, kuma tikitin cikin gari ba ya kai ka, dole ka yanki wanda ya haɗa shiyya ta ɗaya da ta biyu, ka buga shi a na'ura da zarar ka shiga. Nan baƙi da yawa ke faɗawa hannun masu duba tikiti su sha tara. Kamfanonin da ke tallar ɗauko mutum daga otal, mota kawai suke ƙara maka, domin a ciki ja-goran mahaƙar ne ke zagayawa da kowa. In ba da tsofaffi ko ƙananan yara kake tafe ba, ka riƙe kuɗinka, ka sayi tikiti a shafin mahaƙar na intanet kwana biyu ko uku kafin ranar. Kowane tikiti da lokacinsa da harshensa. Ka duba da kyau kada ka yanki na rukunin harshen Poland don ka ga ya fi araha, za ka yi awa biyu kana kallon bakin ja-gora. Ba a karɓar babbar jaka, iyakarta santimita 35 da 20 da 20. Kuɗin ƙasar zuloti ne, ba yuro ba.

Abin da tallace-tallace ba sa yawan faɗa shi ne matakala. Daga bakin ramin Daniłowicz za ka sauka taki 380 a jere, a matakalar katako mai juyawa, har zurfin mita 64, kuma akwai mutane a bayanka suna tahowa. Jimillar zagayen ta kai taki 800, galibinsu gangara. Gangara ba ta cin numfashi, gwiwa take ci, saboda haka mai ciwon gwiwa ya yi wa kansa adalci tun a sama, ko ya tuntuɓi mahaƙar tun da wuri kan gajeren zagayen da ake yi da lif. Takalmi ya zama rufaffe mai riƙe ƙasa. Doguwar riga ko abaya mai jan ƙasa tana harɗe ƙafa a matakalar nan, a tattare ta. Sanyin ciki kuwa daidai yake rani da hunturu, digiri 17 zuwa 18, ƙaramar rigar sanyi ta wadatar. Banɗaki na farko sai an yi kamar minti 40 ana tafiya, don haka a kama ruwa kafin a sauka.

Wanda ya zo yana zaton farin gishiri irin na miya zai yi mamaki. Gishirin nan toka-toka ne mai duhu, kamar dutsen gini, sai an haska shi da fitila ake ganin haske na ratsa shi. Katakon da aka tokare rufin da shi ya sha gishiri har ya ƙi ruɓewa, wasu gungumen sun yi ɗaruruwan shekaru. A ganina nan ne darajar wurin take, a aikin hannu da dabarun mahaƙa: injinan katako da dawakai ke juyawa don ɗaga curin gishiri, magudanun fitar da ruwa, da ɗakin da ake nuna mutanen da aikinsu shi ne su yi rarrafe cikin jiƙaƙƙun kaya, riƙe da doguwar sanda mai wuta a kai, suna ƙone iskar gas da ta taru a rufi kafin ta yi yawan da za ta fashe. A ƙarni na 14, zamanin Sarki Casimir na Poland, gishirin wannan yanki ne ke kawo kusan sulusin kuɗin shigar masarauta. Wanda ya san matsayin kantun Bilma a kasuwannin ƙasar Hausa ba zai yi mamakin wannan ba.

Fitaccen wuri shi ne majami'ar Kinga, mai sunan wata waliyyiyar Kiristoci, a zurfin mita 101. Tsawonta mita 54, faɗi 18, tsayi 12, kuma daɓen, da zanen bango, da duwatsun da ke reto a jikin fitilun, duk gishiri ne. Mahaƙa uku suka sassaƙa ta, 'yan'uwa biyu Józef da Tomasz Markowski, sai Antoni Wyrodek, aikin da aka fara a 1896 ya ci shekaru kusan 70. Har yanzu ana ibada a cikinta ranar Lahadi, a shiga da natsuwa.

Inda wurin ya gaza shi ne sauri da cunkoso. Rukuni na bin rukuni, ja-gora ba ya iya tsayawa, wanda ya tsaya ɗaukar hoto sai ya tarar bayani ya wuce shi. Maganinsa shi ne zagayen farko na safe, da tsayawa kusa da ja-gora. Matsala ta biyu fita ce. Inda ja-gora ya sallame ku ba nan ne ƙofa ba, akwai sauran tafiya da layin jiran lif, wanda keji ne na ƙarfe mai hawa-hawa da ake cusa mutane kafaɗa da kafaɗa. Hawan bai kai minti ɗaya ba, amma mai tsoron matsi ya sani tun yanzu. Ka ware awa uku cur daga sauka zuwa fita, kada ka ɗaura jirgi ko wata ziyara dab da shi. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, wanda ya shiga da azahar zai fito bayan magariba, sai a lissafa da sallah.

Akwai gidan abinci a zurfin mita 125. Girkin Poland ya dogara sosai ga naman alade, har pierogi, wato dafaffen ƙullin fulawa mai dankali da cuku a ciki, ana yawan barbaɗa masa soyayyen kitsensa, saboda haka a tambaya kafin a zuba. Wajen kwana, otal ɗin Grand Sal na dab da mahaƙar, ya dace da mai son zagayen farko na safe, amma garin na yin tsit da dare, masauki kusa da tashar Krakow ya fi amfani ga mai kwana biyu ko uku.

Mai ƙarfi a jika da ke son abin da ya wuce kallo, akwai zagayen mahaƙa da ke tashi daga ramin Regis: a ba ka kayan aiki da hular kwano da fitila, ka yi awa uku cikin duhu kana gwada aikin da hannunka. Ba ya bi ta majami'ar Kinga, kuma ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 10 ba. Ana rufe mahaƙar ranar 1 ga Janairu, da Lahadin Ista, da 1 ga Nuwamba, da 24 da 25 ga Disamba.