MTConnect a wurin aikinmu na Kakuri, ga abin da na gani

Wasu 'yan uwa masu injin CNC, wato injin da kwamfuta ke sarrafawa, nan Kaduna sun dame ni da tambaya ko wannan MTConnect ɗin da muka haɗa yana da amfani, to gaskiya yana da shi, amma ba irin yadda wasu ke zato ba.

Shi fa ba manhaja bane da za ka saya a kwali. Tsari ne na yadda inji zai faɗi halin da yake ciki a rubuce da XML, wato wani salon tsara rubutu da kwamfuta ke iya karantawa, ƙungiyar masu ƙera injina ta Amurka, AMT, ita ta fito da shi a 2008 kuma kyauta ne ba kuɗin lasisi. Matsalar da ya zo magancewa ita ce tamu sak: injin fere ƙarfe na kamfani kaza, injin milin na wani kamfanin daban, kowanne da yarensa, ka tsaya gaban wannan allo ka kwafi lamba ka koma wancan ka kwafa, yamma tayi oga ya tambaya awa nawa injin ya yi yana yanka yau kowa ya hau kame-kame.

Abin da ya fi burge ni shine yadda aka yanka bayanin gunduwa-gunduwa. Fayil ɗaya ne ke bayanin injin, a ciki ga ɓangaren X, ga na Z, wato layukan da injin ke motsi a kansu, ga sifindil mai juya wuƙa ko ƙarfe, ga kwakwalwar injin, kowane ɓangare da nasa bayanan a ƙarƙashinsa, gudu ne ko nauyin da ya ɗauka ko ƙararrawar matsala. In ka ƙaro inji sai ka ƙara nasa guntun, ba sai ka rushe na baya ba. Kuma sunayen iri ɗaya ne duk inda injin ya fito, in yana yanka zai rubuta ACTIVE, in yana zaune yana jira READY, shikenan. Ka buɗe burauza a tsohuwar kwamfutar ofis ka rubuta adireshin ejent, wato manhajar da ke tattara bayanan injin, da kalmar current a ƙarshe, take komai ya zubo. Yaron da ya zo mana aikin koyo daga Kaduna Poly shi ya ja bayanan zuwa Excel, wallahi nan muka ga cewa ba rashin wuta kaɗai ke cin lokacinmu ba, ɗaure ƙarfe da canjin wuƙa da neman ma'auni suna cinye safiya guda injin na zaune janareto na shan dizal. Wannan kaɗai ya sa muka koma shirya wuƙaƙe tun daren jiya.

Sai inda ya ba mu wahala. Sabon injinmu ya zo da abin a cikinsa, waya kawai muka jona. Tsohon kuwa sai da aka nemo adafta da za ta fassara maganarsa, kuma ko da aka samu ɗan abin da yake iya faɗa kaɗan ne. In an ɗauke wuta ko wayar ta saki sai ka ga UNAVAILABLE, wato babu bayani, ko'ina. Sannan agogonsa na UTC ne, awa ɗaya baya da namu, in ba ka sani ba sai ka zargi ma'aikaci da abin da bai yi ba, don Allah a kula da wannan.

Kuma a sani karantawa kawai yake, ba ya tura umarni. Ba za ka aika G-code, wato umarnin da ke gaya wa inji yadda zai yanka, ta cikinsa ba, zanen da kwastoma ya turo kuwa wannan aikin fayil ɗin zane ne irin STEP ko DXF. Ni dai hakan ya min daidai, bana son wani daga ofis ya taɓa injin da hannun mutum ke kusa da shi.

Ga 'yan uwanmu na Panteka masu injin hannu, wannan bai shafe ku ba tukuna, kar wani ya karɓi kuɗinku a kai. Amma mai CNC biyu ko fiye na kamfanoni daban-daban, ya nemi yaro mai iya karanta XML ya fara da inji ɗaya, kuma duk wanda zai sayo sabo ya tambayi dillalin tun kafin ya biya ko injin na magana da MTConnect.