Jama'a a dinga juya bayan kwalin magani kafin a biya kuɗi

Don Allah duk mai sayen maganin ciwon kai ko ciwon jiki, irin wanda ake saye ba sai da takardar likita ba, ya tsaya ya karanta wannan, akwai wani rainin wayo da wasu kamfanonin magani suke wa mutane kuma sai da ta kai ga kotu sannan asiri ya tonu.

A Ostiraliya ne, kamfanin Reckitt Benckiser masu yin Nurofen suka fito da kwalaye huɗu kowanne da kalarsa, wannan an rubuta na ciwon baya, wannan na ciwon mara lokacin al'ada, wannan na ciwon ɓarin kai, ɗayan kuma na ciwon kan gajiya. Ka ɗauka mace ce ta shigo mara na murɗa mata ko tsayuwa ba ta iya yi sosai, idonta ya faɗa kan kwalin da aka rubuta sunan ciwonta ɓaro-ɓaro, wa zai ce mata ta tsaya bincike? Shi za ta ɗauka ko nawa ne. To wallahi duk huɗun Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ƙwaya ɗaya ce, ibuprofen lysine miligiram 342 a kowanne, kwalin kawai aka canza, kuɗin kuma ya kusa ninka na Nurofen ɗin da aka saba. Kuma ai ƙwaya ba ta da ido balle ta gane hanyar baya ta bar hanyar kai, in ka haɗiye ta jini take shiga ta zaga jiki gaba ɗaya.

Hukumar kare masu saye ta ƙasar, ACCC, ita ta maka su kotu. A Disambar 2015 kotun tarayya ta ce yaudara ce a kwashe kwalayen daga kanti, a 2016 aka ci su tarar dalar Ostiraliya miliyan 1.7, hukumar ta ce wannan ai ba tara ba ce ta ɗaukaka ƙara aka mayar da ita miliyan 6. Ni dai ko miliyan 6 ɗin ban ga ta kai ba, tunda daga 2011 zuwa 2015 sun sayar da kwali kusan miliyan 5.9. Su ma waɗanda suka saya sun haɗa kai sun shigar da tasu ƙarar, a 2017 kamfanin ya yarda zai biya miliyan 3.5.

Ba su kaɗai ba ne. A 2020 a ƙasar dai aka ci kamfanonin magani GSK da Novartis tarar miliyan 4.5 kan man shafawa Voltaren Osteo Gel da aka nuna kamar don ciwon gaɓoɓi na musamman aka yi shi, alhali abu ɗaya ne da Emulgel ɗinsu mai sauƙin kuɗi.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne na jarirai a Amurka. Infants' Tylenol, wato paracetamol na ruwa na jarirai, kwali da hoton uwa rungume da jariri, ɗan ƙaramin kwalba da sirinji a ciki, kowace uwa za ta ɗauka wani haɗi ne daban mai laushi da aka yi don jinjiri. Iyaye suka duba suka ga ƙarfinsa ɗaya da Children's Tylenol na manyan yara, miligiram 160 a cikin mililita 5, amma in ka auna yawan ruwan da kuɗin sai ka ga na jariran ya fi tsada nesa ba kusa ba. Suka kai Johnson & Johnson, kamfanin da ke yin sa a lokacin, kotu, aka ƙare da sulhu a kan dalar Amurka miliyan 6.3, kamfanin bai amsa laifi ba. Tsoron uwa kan ɗanta aka mayar abin ciniki, wannan ba daidai ba ne. Amma fa kar wata ta karanta wannan ta je ta ɗura wa jaririnta maganin yayansa, ƙarfin maganin ruwa na yara yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa kuma da nauyin yaro ake auna shi, a tambayi likita ko mai harhaɗa magani tukuna.

Yanzu ga inda abin ya wuce maganar kuɗi. Mutum kansa na sarawa bayansa kuma ya riƙe, ya sayi kwali biyu yana ganin kowanne aikinsa daban, ya sha wannan ya ɗora wancan, bai san ya ninka magani ɗaya ba ne. Ibuprofen in ya yi yawa yana cin ciki har ya kai ga zubar jini, yana kuma taɓa ƙoda. Paracetamol kuwa hanta yake kamawa, babba lafiyayye ba a so ya wuce giram 4 a awa 24, kuma abin tsoron shi ne mutum zai iya wuce ƙa'ida ya kwana bai ji komai ba alhali ɓarnar ta fara. Ga shi yana ɓoye a cikin magungunan mura da yawa, sannan a Amurka sunansa acetaminophen, wanda bai sani ba sai ya zata wani magani ne daban.

Don haka ni abin da nake roƙo, gaban kwali talla ne, ku bar shi ku juya baya ko gefe inda ƙananan rubutu suke, ku nemi sunan sinadarin da lambar da ke kusa da shi mai mg. In kwali biyu suna ɗaya lamba ɗaya, ku ɗauki mai araha kuma kar ku haɗa su. In idonku ba ya ganin rubutun ko ba ku gane ba, ku ajiye duka biyun a gaban mai harhaɗa maganin ku ce ya faɗa muku bambancin abin da ke ciki, ku kuma gaya masa duk wani magani da kuka riga kuka sha a ranar, har da na mura.