Situdiyon da ya mayar min da Invictus waƙar rok

Ƙanina ne ya yi haɗarin babur ya daɗe a kwance, yaron kuma mayen kiɗan Turawan nan na rok ne, sai na ce bari in yi masa abin da zai ƙarfafa masa gwiwa. Na ɗauki Invictus, waƙen Turancin nan da marubucin waƙoƙi ɗan Ingila William Ernest Henley ya rubuta a 1875 yana jinya a wani asibiti a birnin Edinburgh na Scotland, bayan tibin ƙashi ya riga ya sa an yanke masa ƙafa ɗaya, na kai wani ɗan situdiyo a unguwarmu.

Gaskiya mai jitan nan ya san hannunsa. Waƙen baiti 4 ne, layi 16, ba amshi, shi ya kawo shawarar a ɗauko layi biyun ƙarshe a riƙa maimaita su, ya fara a hankali da jita kaɗai kafin ganga ta faɗo, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Matsalar a baiti na biyu ce, gangar ta danne murya ba ka jin komai, sai da na koma sau biyu aka gyara. Ga saɓa alƙawari, sati ɗaya ya koma uku, kullum wai ba wuta.

Yanzu dai ita ce ringin ɗin wayar yaron, Hajiya har ta gaji da ji.