Bitar Kundin Labaran Soyayya na Simon da Kirby

A shekarar 1947 masu zanen labarai Joe Simon da Jack Kirby suka fara fitar da mujallar Young Romance a Amurka, wadda ta share fagen labaran soyayya masu zane. Kundin da kamfanin Fantagraphics ya buga a 2012 ya tattaro zaɓaɓɓu daga cikinsu, bayan wani mai zane, Michel Gagné, ya tsabtace tsofaffin shafukan ba tare da ya ɓata launinsu na asali ba.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne zanen Kirby, domin yakan nuna budurwa ta kau da kai daga saurayinta, yatsunta sun dunƙule, har mai karatu ya gane ɓacin ranta tun kafin ya karanta abin da ta faɗa. Yawancin labaran mace ce ke ba da su da bakinta, kuma suna taɓo bambancin talaka da mai kuɗi da raunin da yaƙi ya bari a zukata.

Sai dai rubutu ya yi yawa a wasu shafukan har ya matse zanen, sannan labaran da suka biyo bayan ƙa'idojin tace mujallun labarai masu zane da aka kafa a Amurka a 1954 sun rasa zafin na farko. Duk da haka, kundin ya cancanci kuɗinsa.