Gyaran Ka 6 ɗinmu: sun ja mu a ƙasa, amma aikin ya yi

Duk mai tsohon jirgin sama mara inji, irin na katako, abin da ke hana shi barci shi ne gam. Fenti yana iya ƙyalli, yadin da aka lulluɓe jirgin da shi ya miƙe sumul, alhali a can ciki haƙarƙarin fiffike ya fara sakin jiki. Da wannan ma'aunin na auna ƙaramin shagon da muka kai wa jirginmu a kudancin Jamus, kuma a nan sun ci.

Jirgin Ka 6CR ne, mu uku muka haɗa kuɗi muka saya. Zanen Rudolf Kaiser ne, ƙirar kamfanin Schleicher na Poppenhausen, gindin tsaunin Wasserkuppe inda aka fara gasar irin wannan tashi a 1920. Samfurin farko ya tashi a 1955, kuma da Ka 6 Heinz Huth ya ci gasar duniya a 1960 da 1963. Faɗin fuka-fukai mita 15, nauyi bai kai kilo 200 ba, kusan komai katako ne da yadi. Matsalar ita ce gam ɗin zamanin, Kaurit, yana bushewa ya yi gautsi idan ya daɗe yana shan zafi da danshi, mu kuwa namu ya yi shekaru a tirelar da ba ta shan iska.

Maigidan shagon dattijo ne mara yawan magana. Ya ƙi faɗa mana kuɗin aiki sai da aka yaye tsohon yadin gaba ɗaya. A gabana ya bi haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da babban yatsa, ya zura ƙaramar kyamara mai fitila cikin hancin fiffiken, sannan ya riƙa ƙwanƙwasa katakon yana kasa kunne. Inda gam ya riƙe, ƙarar a cike take; inda ya saki, sai ka ji ta holoƙo. Kusa da inda birkin iska (allon da ke fitowa daga fiffike don jirgi ya sauka da sauri) yake, ya sa wuƙa a ƙarƙashin wani ɗan ƙusurwar katako, abin ya ɓalle ba gardama, gam ɗin ya zube gari. Ya miƙo min a tafin hannu bai ce uffan ba.

Facin da suka yi ne ya fi burge ni. Ba sa haɗa katako baki da baki. Suna fere gefen a karkace, tsawon ferewar ya ninka kaurin katakon wajen sau 15, har sai layukan cikinsa sun fito a jere kamar an ja su da rula, alamar hannu bai karkace ba. Da Aerodux suka liƙa, gam mai launin ja-ja, don haka kafin a rufe kana iya ganin duk inda aka taɓa. Sun ɗauki hoton kowane wuri sun sa a fayil ɗin jirgin. Maimakon auduga, yadin Ceconite suka shimfiɗa, suka bi shi da dutsen guga a hankali har ya ɗaure kamar fatar ganga, sannan aka shafa maganin da ke kare shi daga rana.

Mun yi ɗan saɓani kan fenti. Ɗaya daga cikin abokan haɗin gwiwata ya so a lafta shi ya yi sheƙi irin na jiragen zamani. Dattijon ya ce a'a: duk kilon da aka ƙara a wutsiya sai an ƙara wani nauyi a hancin jirgin don ya daidaita, kuma yana rage nauyin da matuƙi zai iya shiga da shi. Na goyi bayansa, ko da yake har yau abokin nawa yana ƙorafin ana ganin saƙar yadin idan rana ta haska.

Sai laifinsu. Sun ce za su gama kafin bazara, ba mu karɓi jirgin ba sai da Mayu da Yuni suka wuce, watannin da iska mai ɗumi ta fi ɗaga jirgi. Waya ba a ɗauka, saƙon imel sai ya kwana biyu. Kuɗin ma ya haura abin da aka rubuta, kuma ba a sanar da mu ƙarin ba sai a takardar ƙarshe. Ƙarin yana da dalili, na yarda, amma da an faɗa tun da wuri.

A sama fa? Da na saki wayar da ake jan jirgin sama da ita, jirgin ya tafi tsaf, ba ya rinjaya ko wane gefe. Ka 6 yana cin kusan mita 30 gaba kan kowace mita ɗaya da ya sauka, sababbin jiragen gasa kuwa suna wuce 50, don haka idan aka fuskanci iska mai ƙarfi za su bar ka a baya. Amma a ranar da iskar ɗagawa take da rauni kuma siririya, yana juyawa a hankali cikin ƙaramin da'ira ya hau, su suna ta faman nema.

Wanda zai kai musu aiki ya kai tun Oktoba, ya nemi a rubuta masa cewa duk ƙarin kuɗi sai da izininsa. Ba sa taɓa rediyo da na'urorin gaban matuƙi, wannan sai ka nemi wani. Tirelar ma ba aikinsu ba ce, amma dattijon ya ƙi bari mu mayar da jirgin ciki sai da muka huda mata tagogin iska.